Katin wuta na ƙarewa, kuɗin haya na ƙaruwa: ta ina ɗan haya zai fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, mata ɗaya da yara uku, muna haya a ciki da falo a wani gida a Ɗorayi, cikin Kano. Mu huɗu ne 'yan haya a gidan, mita ɗaya muke amfani da ita. Kowa na kawo naira 5,000 a wata a sa kati, amma ba ya kai mu mako biyu. Kullum sai an yi cacar baki, har matanmu sun fara gaba, don kowa na zargin maƙwabciyarmu mai firiza da ke sayar da ƙanƙara. Ruwa ma haka: akwai bohol, amma tanki ba ya kwana da ruwa, sai mun ƙara da na 'yan garuwa. Ga shi saura wata uku kuɗin hayata ya ƙare, mai gidan ya aiko cewa daga naira 250,000 ya koma 350,000. Albashina bai motsa ba. In tashi ne ko in zauna? Kuma yaya zan rage abin da nake kashewa ba tare da na ƙuntata wa iyali ba?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya rufa asiri. In na fahimce ka, abu uku ne suka haɗe maka wuri ɗaya: wutar da ake sha a tare ba a san rabon kowa ba, ruwan da ke ɓacewa ba a san inda yake bi ba, da ƙarin haya da ya zo maka wata uku kafin wa'adi. Na shafe shekaru ina kula da gidajen haya a madadin masu su, kafin nan kuma na yi yaron mai haɗa wuta, don haka irin wannan ƙorafi kusan kullum ina jin sa. Ban ga gidanku ba, ban ga wayarin ɗinsa ba, amma yadda ka siffanta shi na san irinsa sarai. Da wutar zan fara, don ita ce ta shiga tsakanin matanku, kuma ita ce ta fi sauƙin warwarewa.

Lissafin wuta

Abu na farko, ka duba takardar da ake ba ku in kun sayi kati, ko saƙon da ke shigowa waya. Ban da lambobin nan 20 da ake dannawa a mita, akwai adadin yunit da kuɗinku ya sayo. Mutane da yawa kuɗin kawai suke riƙewa a ka, alhali yunit ɗin mita take ci. A Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a Najeriya, ta ɗaga farashin masu layin Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta ta awa 20 a yini, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. An rage shi a watan Mayu, sannan a Yuli ya tsaya a 209.50, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa. Masu Band B zuwa E, da ke samun awa 16, 12, 8 ko 4, abin da suke biya bai kai rabin wannan ba. To, in layinku na Band A ne, a wannan farashi naira 20,000 ɗin da kuke haɗawa ba ta sayo muku yunit 90 cikakku ba. Raba shi gida huɗu, kowa ya tashi da yunit 22 da ɗoriya. Riƙe wannan adadi, yanzu za ka ga abin da yake iya yi.

Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha a cikin awa ɗaya. Kowace na'ura kuma an rubuta ƙarfinta a jikinta, ko a bayanta, ko a ƙarƙashinta, da lamba da harafin W. Fankar sama tana cin wajen wat 70. In ta yi awa 12 tana juyawa kullum, a wata ta sha yunit 25. Ka ga fanka ɗaya tilo ta cinye rabon gidanka har ta shiga na maƙwabci, tun ba a kunna ƙwai ko talabijin ba. Wannan na nufin mai yiwuwa ne babu mai cutar kowa a gidanku, kuɗin ne ya yi kaɗan ga farashin yanzu, kuna ta faɗa da juna a kan abin da ba ɗayanku ya jawo.

Amma bari mu ce ba Band A kuke ba, kuɗin na sayo yunit masu yawa, duk da haka suna ƙarewa. Nan ne ake neman ɓarawon, kuma yawanci ba shi ne wanda ido ya fi gani ba. Ƙa'idar da nake koya wa 'yan haya ita ce: duk abin da aikinsa zafafawa ne, shi ne maciyin wuta. Hitar dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti tana cin wat 1,000 zuwa 1,500. Kafin bokiti mai lita 20 ya yi ɗumin da za a yi wanka da shi a sanyin hunturu, ya sha fiye da rabin yunit. Gida mai mutum biyar, kowa da bokitinsa da asuba, sun kusa yunit 3 kenan a rana, kusan 90 a wata. Rishon lantarki da ake ɗora wake ko ganda a kai a bar shi awa biyu, shi ma yunit 2 zuwa 3 ne a zama ɗaya. Dutsen guga wajen wat 1,000 ne. Butar lantarki ta fi haka, sai dai ita ba ta daɗewa a kunne. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana dab da cin yunit guda duk awa. Firiza kuwa, in lafiyarta ƙalau kuma robar bakinta na kamawa, yunit 1 zuwa 2 take ci a yini. Ta mai sana'ar ƙanƙara za ta ɗara haka saboda kullum ana zuba mata sabon ruwa ana buɗe ta. Ba na wanke maƙwabciyarku, tana cin rabo mai tsoka. Ina dai cewa ita firiza tana tsakar gida kowa na jin gurnaninta, hita kuwa tana cikin banɗaki ƙofa a rufe.

Na taɓa riƙe wani gida mai 'yan haya shida, irin wannan rigima ta kai har ana cewa wata baiwar Allah mai sayar da zoɓo da kunun aya ta tashi. Na je da asuba, bayan an fito masallaci, na tsaya gaban mita. Akwai wata 'yar jar fitila a fuskarta da ke ƙiftawa gwargwadon yadda ake jan wuta. Na tarar tana ƙiftawa kamar za ta fice. Na sa aka kashe firizar, ba ta sassauta ba sai kaɗan. Muka bi ɗaki ɗaki muna kashe layin kowa, sai ga shi a ɗakuna uku ana dafa ruwan wanka, a na huɗu kuma, na wanda ya fi kowa ɗaga murya a rigimar, an ɗora tukunyar wake a risho tun dare. Ban ce da kowa komai ba. Da yamma ya zo da kansa ya ce a sake lissafi.

Kai ma za ka iya wannan gwaji ba sai ka kira kowa ba. Ka rubuta abin da ya rage a mita da ƙarfe goma na dare, da shida na safe, da takwas na safe, da magariba, har kwana uku. Lokacin da yunit suka fi zubewa shi zai gaya maka wane aiki ne ke cin su. In tsakanin asuba da takwas ne, hita ce. In da rana ne maza sun fita, ka duba girki da guga da injin ruwa.

Maganin dindindin shi ne kowane ɗaki ya san nasa. Mafi kyau kowa ya nemi mitarsa daga KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma wannan sai da yardar mai gida, sai an raba wayarin, ga kuɗi ga jira. Abin da ya fi kusa shi ne ƙaramar mita da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, a sa wa kowane ɗaki tasa a bayan babbar mitar, a ƙara ɗaya ta injin ruwa da fitilun tsakar gida. Ƙarshen wata a karanta, kowa ya biya abin da ya sha, na injin ruwa a raba. Wannan ba taɓa mitar kamfani ba ne, awo ne tsakaninku. Duk gidan da na sa ta, a wata na farko shan wuta ke faɗuwa, ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba, don mutum in ya san aljihunsa ne kaɗai zai ji, da kansa yake tashi ya kashe fankar falon da babu kowa. Wanda kuma zai zo ya ce zai zagaye muku mita ku sha kyauta, ku sallame shi tun daga soro. Sata ce, akwai tara mai nauyi in an kama, kuma irin wannan haɗin na ɓoye shi ne ke haddasa gobara da tsakar dare.

A cikin ɗakinka kuwa, in akwai sauran tsohon ƙwai mai zafi na wat 60, ka cire shi yau. Awa 10 a dare, yunit 18 yake ci a wata. Na zamani mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya da yunit ƙasa da 3. A tara guga a yi ta sau ɗaya ko biyu a mako, a fara da kaya masu son zafi, a ƙarasa ƙananan da ragowar zafin bayan an zare. Firji a matsar da shi daga bango da taga mai rana, kada a sa masa abinci da zafinsa. Cajin waya kuwa ku daina faɗa a kansa: waya ɗaya, ko kullum ake cika ta, ba ta cin yunit guda a wata.

Inda ruwa ke bi

Tankin da ba ya kwana da ruwa, kafin ka zargi mai yawan wanki, ka zargi yoyo. Ku cika shi da daddare, a sa alama a jikinsa, a roƙi kowa ya ɗebi na buta ya ajiye kada a taɓa famfo har asuba. In an wayi gari ya sauka, ruwa na zuba a wani wuri. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da abin da ya kai jarka guda a yini, ka lissafa da kuɗin da ɗan garuwa ke karɓa a jarka, ka ninka sau 30. Gyaransa sau da yawa 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin jarka biyu ba. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne tankin masai na zamani da robar cikinsa ta saki: ruwa na silalewa a hankali dare da rana, babu ƙara, babu wanda ya lura. Ka ɗiga shuɗin wanki a cikin tankin, ka dawo bayan minti 15 ba tare da an kora ba. In ka ga shuɗi a cikin kwanon, ka kama shi. Irin wannan yoyo sau biyu yake cin ku, don shi ne kuma ke cika sokawe kafin lokacinta, a zo ana karo-karon kuɗin motar kwashewa.

Sai injin jan ruwa. Mai ƙarfin doki ɗaya wajen wat 750 yake ci. A gidajen haya da yawa yaro ake aika ya kunna, ya tafi wasa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har sai ruwa ya fito kwatar waje wani ya leƙo ya yi magana. Ruwa ya tafi, wuta ta tafi, gindin katanga ya jiƙe. Akwai 'yar na'ura da ake sawa cikin tanki mai kashe injin da kanta in ruwa ya kai baki. Ku haɗa kuɗi ku sa ta, masu gyaran famfo sun san ta.

Na cikin gida ba sai na koya wa uwargida ba, iyayenmu mata sun fi mu sanin tattalin ruwa. Ruwan ɗaurayar wanki shi ne na kora masai da wanke tsakar gida. Wanka da bokiti ya fi sakin shawa. Alwala da buta ta fi tsayawa gaban famfo a buɗe, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita guda ba. Da damina a tara ganga ƙarƙashin indararo, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano ya wuce, na bayansa ya isa wanki da wanke-wanke. A rufe gangar saboda sauro da kuma ƙananan yara.

Tunda ka ce ba ka son ƙuntata wa iyali, bari in taɓa murhu kaɗan, don nan ma kuɗi na bi. Wake in ya kwana a jiƙe, lokacin dahuwarsa na raguwa sosai. Tukunya a rufe ta, in ta tafasa a rage wuta, don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar da aka ba shi, gas ɗin ne kawai ke ƙonewa. Harshen wutar gas ya zama shuɗi; in ya koma ja yana baƙanta gindin tukunya, kan rishon ya toshe, a wanke shi. A riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas da mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Abu ɗaya da ba na yarda a yi tattali da shi: kada don tsoron ɓarayi a shigar da janareta cikin ɗaki ko baranda rufaffiya, kada kuma a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe lokacin sanyi. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma an sha rasa iyali guda ta wannan hanya.

Tashi ko zama

Ƙarin naira 100,000 a kan 250,000 kashi 40 ne cikin ɗari, ba ƙarami ba ne, kuma na san yadda yake a zuciyar mai albashi. Amma ka san masu gidaje ma ba daga sama suka tsinci wannan ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan da ya biyo, siminti da kwano da fenti da ladan magina duk suka tashi. Wasu masu gidan da hayar suke ci, ita ce fanshonsu. Wasu kuma, gaskiya, haɗama ce kawai, sun ji maƙwabci ya ƙara. Kai ka san wane iri ne naka.

Kafin ka ce za ka tashi, yi wannan lissafi a takarda. A ce ka samu wani ciki da falo a kan naira 300,000. Dillali zai karɓi la'adarsa, wadda a al'ada kashi 10 ce cikin ɗari, 30,000 kenan, ban da ɗan abin da za ka riƙa ba shi duk ranar da ya kai ka ganin gida. Akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, wani wurin da kuɗin ajiya na abin da za a iya lalatawa. Akwai motar kwasar kaya da masu ɗauka, da gado ko durowar da za ta karye a hanya, don ba a tashi ba a yi asarar wani abu ba. Akwai fenti, da ragar sauro, da sauya makullai. Kafin ka ankara ka haura 350,000 ɗin da kake gudu. Kuma gida mai araha yawanci a bayan gari yake: in kuɗin adaidaita zuwa wurin aikinka ya ƙaru da naira 500 kawai a rana, a kwanakin aiki na shekara ya haura 100,000. Ga makarantar yara da islamiyya da za a sauya a tsakiyar zango. A ganina, in gidan ba ya yoyo, unguwar da tsaro, mai gidan kuma ba mai wulaƙanci ba ne, zama ya fi maka a bana.

Amma zama da ciniki. Kada ka jira wa'adi ya cika, ka je yanzu da sauran wata uku, ka je da kanka, ba ta waya ba, ba ta bakin yaro ba. In akwai dattijon da yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wanda ya kawo ka gidan, ka tafi da shi. Mai gida ya fi kowa sanin darajar ɗan hayar da ke biya a kan lokaci ba ya fasa masa gida, domin in ka tashi sai ya yi fenti, ɗakin ya yi wata ɗaya ko biyu a rufe, sannan bai san wa zai shigo ba. Wannan shi ne ƙarfinka a cinikin. Ka nemi a tsaya a 300,000, ko a raba ƙarin shekara biyu, ko ka biya kashi biyu. Ko ka ce ka yarda da ƙarin, amma a cire kuɗin ƙananan mitoci da gyaran tanki daga ciki, tunda gidansa za su zauna ko bayan ka tashi. Na ga masu gida da yawa da suka ƙi rage ko kwabo amma suka yarda da wannan.

Duk abin da kuka tsayar, a rubuta. Mu Hausawa muna jin kunyar takarda, sai mu ce ai mutunci ya wuce haka, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Ba sai da dogon Turanci ba. Shafi ɗaya ya isa, ko da Hausa: sunan mai gida da naka, wane ɗaki, nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa ke gyaran rufi da bohol da kwashe sokawe, wa ke gyaran famfo da makunni da gilashin da ya fashe, wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙari ko tashi. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa. Kuɗi kuma ta banki, ko a hannu da rasit. Kuma in dillali ne ke karɓa, ka tabbatar daga bakin mai gidan cewa shi ya wakilta shi. Ni kaina na taɓa ƙonewa a kan rashin rubutu. A farkon shigata wannan aiki na sa wani a gida ban duba mitar ba, ashe wanda ya tashi ya bar bashi a kanta. Duk katin da sabon ya saya sai a zare wani kaso. Tsohon ya bar gari, mai gidan ya ce ba ruwansa, ni na biya daga aljihuna. Tun daga ranar ba na miƙa makulli sai mun ɗauki hoton mita, da bango, da silin, da banɗaki, mun tura wa juna a waya.

Game da doka, ni ba lauya ba ne, kuma kowace jiha da tata dokar haya, don haka in magana ta kai ga takardar kotu ka nemi lauya. Abin da aka saba a dokokin karɓar gida a Najeriya, kamar wadda ke aiki a Abuja, shi ne in ba a rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara-shekara ana ba shi sanarwar wata 6, mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya, bayan ta cika kuma a ƙara masa ta kwana 7 kafin a je kotu. Legas ma a dokarta ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Abin da yake ɗaya a ko'ina shi ne mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kayanka waje da hannunsa. Kotu ce ke fitar da mutum. Sai dai ban so ka riƙe wannan a matsayin makami. Na ga 'yan hayar da suka fake da wa'adin wata 6 suka zauna kyauta, suka tashi suka bar bashi. Dillalan unguwa sun san juna, labarin irin wannan mutum yana riga shi isa gida na gaba.

Haƙƙin da ke kanka shi ma ka san shi. Malaman fiƙihu suna ɗaukar gidan haya amana ce a hannun ɗan haya: abin da ya tsufa don kansa na mai gida ne, abin da sakacinka ya lalata naka ne. In ka ga silin ya fara tabo da damina, ka faɗa a ranar, kada ka bari sai ya rufto. Kada ka fasa bango, ko ka ƙara ɗaki, ko ka sa wani a madadinka ba da izini ba. A hana yara jefa leda da ƙunzugu a masai, a daina zuba ruwan maiƙo a magudana, a fito a yashe kwata tare da maƙwabta ranar tsaftar ƙarshen wata. In wata shekara ta zo da matsi ka ga ba za ka cika a kan lokaci ba, ka riga mai gida magana, ka kai abin da ya samu, ka faɗi ranar cikon. A aikina ban cika ganin an kori wanda ya yi haka ba. Wanda ke kashe waya yana bin bayan layi shi ake kora.

In kuwa cinikin ya ƙi, dole sai tashi, to ka ga gidan da idonka fiye da sau ɗaya, da rana da kuma dare. Wanda zai nemi gida a Kano ya fi kyau ya gan shi a watan Agusta, lokacin da kowane rufi ke faɗin gaskiyarsa. In da rani ne, ka duba gindin bango ko akwai farin gishiri-gishiri da fenti mai ɓarewa, ka ɗaga kai ka duba silin, ka duba ko daɓen gidan ya fi titi tudu. Ka buɗe famfo, ka kora masai, ka tambayi mai shagon bakin layi awa nawa ake samun wuta, kuma me ya tashi wanda ya fita. Shi ba ya cin la'ada, zai gaya maka.

Sauran magana ita ce ta shekara mai zuwa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Naira 350,000 in ta zo a dunƙule dutse ce, amma in ka raba ta kwanakin shekara ba ta kai 1,000 a rana ba, wajen 29,200 ce a wata. Ranar da albashi ya shigo, kafin cefane, kafin komai, ka zare wannan ka tura wani asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa a aljihu. In adashe ya fi maka, ka shiga na mutanen da ka sani, ka roƙi a ba ka kwasar da ta faɗo wata ɗaya kafin wa'adin haya. Na bana kuwa, da ya rage wata uku, ka fara da zuwa wurin mai gidan a wannan makon, ka kuma fara rubuta lambar mita yau da ƙarfe goma na dare, don in za ku zauna da maƙwabta ranar Juma'a ka zo musu da takarda a hannu.